Akori-kurar Baba 404: in sakar wa yaro ɗan shekara 17 ko in bari?

Abu_Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema don Allah, masu sanin mota ku taimaka. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana akori-kura Fijo 404 fara, wadda ya saya tun 1979 ban ma zo duniya ba, da ita ya yi ta jigilar auduga da masara tsakanin Dandume da Funtua har ƙarfinsa ya ƙare. Da aka yi rabon gado sai ta faɗo a kasona, yau shekara shida ke nan tana fake ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, sai jefi-jefi in sa a tayar da ita don kar injin ya kwanta. To babban ɗana ya gama sakandare bana, shekararsa 17, sai watan Maris zai cika 18, yana zaman jiran admishan, kuma yaron nan Allah ya jarabce shi da son motar nan, kullum yana ƙarƙashinta, shi ya kwance kafireto da kansa ya wanke ya canja filogi har ta koma tashi da kik ɗaya. Yanzu ya tasa ni gaba wai in bar masa ita ya riƙa kwaso masara daga gona in kaka ta yi, ya ɗan samu na kashewa. Ni dai a raina na ga ya fi zaman kashe wando da latse-latsen waya, kuma motar ba wani gudu gare ta ba, sannan ƙarfe ce zalla ba irin gwangwanayen yanzu ba. Amma mahaifiyarsa ta ce sam ba da ɗanta ba, har mun kwana biyu ba a ga-maciji a kan maganar. Me kuka gani?

Sadik_Tudunwada: Wa alaikumus salam. Alhaji ba shi kawai wallahi. Da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya koyi tuƙi da 404 babu motar da za ta gagare shi a duniya

Ummu_Afnan: Ni tun kafin a je ko'ina, 17 ka ce fa. Lasin a Najeriya sai 18. Maganar ma ai ba ta taso ba tukun. Ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari.

Sadik_Tudunwada: Anti wane lasin kuma a hanyar gona hhhh, 'yan Road Safety na bin mutum cikin karan dawa ne

Ummu_Afnan: Ƙanina gonar a tsakar ɗakinsu take? Ba sai ya hau kwalta zai kai masarar gida ba?

Tsohon_Direba: Ni shekarata 16 na fara bin mota a matsayin karen mota, kuma 404 ɗin ce, layin Kano zuwa Ɗambatta zuwa Kazaure. Amma ku ji yadda aka yi da mu. Shekara biyu cur ban taɓa sitiyari a kan titi ba. Aikina wanki, duba ruwan lagireto da baƙin mai da asuba, ɗaure kaya da igiya, sa weji in an tsaya a gangara. Sai maigidana ya fara bari in juya ta a tasha, daga nan in an sauke kaya za a dawo ba kowa ya ba ni daga wani ƙauye zuwa wani yana zaune a gefena, in na saki kuloci da ƙarfi ta yi tsalle sai dai in ji ranƙwashi a ƙeya. Motar nan malama ce, ba na musu. Giyarta a jikin sitiyari take, sitiyarin ba fawa, in tana tsaye da lodi sai ka sa ƙarfin kafaɗa kafin ya juya, birkinta kuma sai ka fara lissafi tun daga nesa. Tana koya wa mutum haƙuri. To amma mu akwai babba a gefenmu, kuma titin wancan lokacin ba na yanzu ba ne, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mota biyar ba, babu adaidaita babu 'yan acaɓa masu faɗo maka ta ko'ina.

Abu_Khalifa: Baba Tsohon_Direba Allah ya ƙara girma. Abin da na hango ke nan, tarbiyyar da motar za ta yi masa.

Tsohon_Direba: Ɗana ka ɗauki rabin maganata ka bar rabi. Ba motar ce ta yi min tarbiyya ba, mai ranƙwashin ne.

Injiniya_Bash: Akwai magana ɗaya da Alhaji ya faɗa da nake so in tsaya a kai, wai ƙarfe ce zalla. Wannan ita ce fahimtar da ta fi yawo a cikinmu kuma ita ce ta fi kashe mutane. Mota in ta yi karo, ƙarfin bugun nan dole ya tafi wani wuri. Motocin yanzu da gangan aka yi gabansu ya lotse kamar gwangwanin madara, don ya shanye bugun kafin ya iso inda mutum yake zaune, shi kuma ɗakin da kake ciki aka ƙarfafa shi. Tsohuwar mota ba a yi mata wannan lissafin ba, ko dai gaban ya ƙi lotsewa jikinka ya karɓi bugun, ko kuma ya turo injin da sitiyari cikin cinyarka. A 2009 cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai gwajin haɗari ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba, bidiyon yana nan a YouTube kowa ya je ya gani. Tsohuwar mai kama da tankar yaƙi ita ce ta ruguje, sitiyari ya daki mutum-mutumin da ke ciki, ita kuma sabuwar ɗakin direbanta na nan yadda yake. Ita 404 ɗin nan a 1960 ta fito, tunanin masu ƙera ta na wancan zamanin ne. Ba jakar iska, ba ABS mai hana taya ƙullewa in an danna birki, kujerar ma benci ce ba abin tare ƙeya.

Sadik_Tudunwada: Injiniya amma da idona na ga 404 ta daki Corolla a shataletale, Corolla ta koma kamar an taka kwalin ashana ita kuma Fijo bamba kawai ta ɗan lanƙwashe

Injiniya_Bash: A gudun nawa? A shataletale kowa lallaɓawa yake. Kuma tambayar da za ka yi ba wace mota ce ta fi lotsewa ba, wane direba ne ya fito da ƙafarsa in da a gudun 80 ne.

Nas_Maryam: Ni ban san komai a kan injin ba amma na yi shekaru a ɗakin haɗari na wani babban asibiti a nan arewa. Abin da ba na mantawa wani yaro ne da aka kawo mana da magariba, bai wuce 18 ba, akori-kurar babansa ya ɗauka ya je ɗebo yashi. Jikinsa ba jini ko ɗigo, yana magana da bakinsa, har yana roƙon kar a gaya wa babansa don motar ba ta yi komai ba fitila ɗaya ce ta fashe. Da muka yanke rigarsa sai ga shatin sitiyari a ƙirjinsa zagaye guda kamar an zana da shuni. Haƙarƙari sun karye, jini yana taruwa ta ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa amma ya sha tiyo a ƙirji ya yi makonni a kwance. Shi ya sa in na ji an ce mota ƙarfe ce sai gabana ya faɗi. Alhaji don Allah ka leƙa ka gani, akwai bel ma a motar?

Abu_Khalifa: Sista gaskiya babu. Tun tasowata ban taɓa ganin bel a cikinta ba.

Nas_Maryam: To ka gani.

Dan_Kasuwar_Dawanau: Ni fa abin da ke ba ni mamaki da mu, komai sai an tsorata mutum. Ajali in ya zo ko a kan katifa kake sai ka tafi. Iyayenmu da wannan motar suka yi arziki suka je Makka suka aurar da mu, ba bel ba jakar iska, ga shi mun girma.

Malam_Nura: Alhaji na Dawanau, ajali gaskiya ne babu mai ja. Amma wanda ya zo da raƙuminsa ai cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Kuma akwai ɓangaren da ban ga an taɓo ba, kowa yaron yake dubawa, ba a duba wanda yaron zai iya bugewa. Kisan kuskure a shari'a akwai diyya akwai kaffara, azumin wata biyu a jere, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92. Yaro ɗan 17 ya balaga, hukunci ya hau kansa. Uban da ya miƙa masa makulli alhali ya san hukuma ba ta yarje masa ba, ya san birkin ba tabbas, shi ma sai ya shirya amsar da zai bayar. Ba ina cewa kar ya koya ba ne.

Dan_Kasuwar_Dawanau: Allah ya gafarta Malam na karɓi gyara, amma ni dai har yanzu ina ganin ana zuzuta abin

Garba_Bakanike: Sai yanzu na ga wannan muhawarar, ina gareji tun safe. Ranka ya daɗe Abu_Khalifa, Fijo ita ce sana'ata shekara talatin da wani abu, bari in gaya maka abin da ke cikin motar da ta yi shekara shida a tsaye. Injin ba shi ne abin tsoro ba, injin 404 ko jikanka zai gada, 1.6 ne mai sauƙin kai, kafireto da kwantak da filogi huɗu, yaro mai ƙwaƙwalwa zai gane shi a wata guda. Abin tsoro duk abin da aka yi da roba ne. Robobin cikin mastan birki da na silindar ƙafa sun bushe, tiyon birki ya tsattsage ta ciki ba ka gani, man birki kuma yana shan danshi, shekara shida yana zaune ya ci bututun ƙarfen da tsatsa. A ƙofar gida za ka taka ka ji birki tsam kamar dutse ka ce lafiya lau. Ranar da aka ɗora mata buhu goma aka zo gangara aka taka da ƙarfi, ranar ce tiyo zai fashe feda ta tafi ƙasa salamun-salamun. Kuma ita durom ne da ita, in ya yi zafi ko ya sha ruwa sai ya yi ta santsi. Sai taya, kar ka duba zanen, ka duba lamba huɗun nan da ke gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta shekara shida tana shan ranar Funtua a wuri ɗaya ta mutu ko da zanenta sabo ne. Sannan a ɗaga ta a girgiza ƙafafun gaba a ji tayarod, a ɗaga tabarmar ƙasa a ga ko tsatsa ta cinye, a duba inda sifirin ya kama shasi.

Abu_Khalifa: Oga Garba Allah ya saka. Kayan nata ana samu kuwa har yanzu?

Garba_Bakanike: Ana samu amma sai an tona. Ƙofar Ruwa a Kano akwai dattawan da ba su sayar da komai sai na Fijo, Panteka a Kaduna ma haka. Matsalar sabbin robobin da ake kawowa yanzu wasu wata uku sun narke, gara ka tura wanda ya san hannu.

Dan_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan kat-san-kat bashe muke ce mata, saboda tamfol ɗin da ake rufa mata a baya. Har yanzu ranar kasuwa za ka gan su a hanyoyin ƙauye, an loda buhunan hatsi, bisa buhu awaki, bisa awaki mutane, tana tafiya a karkace kamar kaguwa amma tana isa. Sai dai ban taɓa ganin yaro na tuƙa ta ba, duk tsofaffi ne masu furfura waɗanda suka san kukanta, in ta yi tari sun san abin da ke damunta. Mu ma nan permi sai shekara 18, kuma jandarma ba ya jin wai gona za ni.

Sadik_Tudunwada: Allah sarki Fijo, motar Kaduna. Da ba mu yi sakaci ba da yanzu mu ke sayar wa Afirka mota

Injiniya_Bash: PAN, masana'antar Fijo ta Kaduna, a 1975 ta fara haɗa motoci, gaskiya ne. Amma akori-kurar 404 da ta 504 kamfanin SCOA ne ya yi suna wajen haɗa su a Legas. Ita 404 ɗin ma a Kenya an ci gaba da haɗa ta har 1991, shekaru bayan Faransa ta daina. Kuma ba a banza ta yi suna ba, sau huɗu tana cin tseren Safari na gabashin Afirka, 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Juriya kam ba a magana.

Tsohon_Direba: 504 ta fi ta daɗin zama amma 404 ta fi ta jin magana a burji. Wanda ya sani ya sani.

Hamza_CNG: Ni tambayata wa zai riƙa zuba man? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mai kafireto sai dai a yi haƙuri. In yaron zai yi jigila da ita ribar duk a gidan mai za ta ƙare. Ku mayar da ita gas kawai ko a ɗora mata injin Toyota

Garba_Bakanike: Hamza kar ka ba shi wannan shawarar. Na ga masu ɗora injin Toyota da Nissan a kan 404, tana tashi kamar aljana, amma birkin na nan na 1979. Ka ƙara wa doki gudu ka bar shi da tsohon linzami. In babba ne da ya san abin da yake yi da sauƙi, yaro kuwa rashin gudun nan shi ne kaɗai abin da motar ke da shi na kariya, kar a taɓa shi.

Ummu_Afnan: Kun ga yadda maza suke ko, an fara da ran yaro an koma tseren Kenya da injin Toyota

Malamin_Lissafi: Hhhh Hajiya bari in dawo da mu. Ana ta cewa ba ta gudu. 404 mai lafiya tana wuce 100 ba wahala, kuma ba sai an kai nan ba. A gudun 80 mota tana cin mita 22 duk daƙiƙa ɗaya. Kafin yaro ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa, ƙafa ta bar totur ta koma birki, ya riga ya shafe fiye da mita ashirin bai fara tsayawa ba. Kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake ba, ninki huɗu ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba wai yara ba su iya murza sitiyari ba ne, sun fi mu ma, abin da ba su da shi shi ne hango abin da bai faru ba tukun.

Abba_Jnr: Don Allah iyayenmu a riƙa yi mana adalci. Shekarata 19, tun ina 15 nake tuƙi ban taɓa ko gogar mota ba. Duk haɗarin da ake yi a hanyar Zariya yara ne ke yi? Ba manya ba ne masu gemu ke obatekin a kwana? Yaron nan shi ya tayar da motar da hannunsa, wanda ya sha wahalar gyara abu ba ya wasa da shi. In aka hana shi wannan gobe ya hau babur ɗin abokinsa ba hular kwano, wanne ya fi? Ni a ganina akori-kura ta fi babur sau dubu.

Ummu_Afnan: Abba tun kana 15, wa ya ba ka motar? Turo min lambar mamanka

Abba_Jnr: Anti a yi haƙuri na janye hhhh

Injiniya_Bash: A'a Abba ya faɗi abin dubawa fa. In zaɓin tsakanin 404 da babur ne, 404 ta fi. In tsakaninta da tsohuwar Corolla ko Golf mai bel da jakar iska ne, ba ta kama ƙafarsu ba. Sai dai Corolla ba ta kwaso masara.

Lawal_Bakori: Bari in ba ku nawa, don ni abin ya faru da ni ba labari aka ba ni ba. Ina 18 kawuna ya ba ni 504 akori-kura in kai taki gona, na sauke lafiya, a dawowa aka yi yayyafi. Abokaina uku suka ɗale baya, ɗaya a gaba. To abin da ba wanda ya taɓa gaya min, akori-kura in ba kaya bayanta ba nauyi, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Na shigo wata 'yar kwana a jan burji ban fi 50 ba wallahi, na ɗan ƙara wuta don su ji daɗi suna ta ihu a baya, kawai sai na ga gonar da ke hannun dama ta dawo gabana. Bayan motar ya zagayo. Na danna birki, wanda shi ne babban kuskure, ta ƙarasa juyawa ta faɗa kwalbati da gefe. Mu na gaba ba abin da ya same mu sai goshi da ya fashe. Na baya biyu suka faɗa cikin taɓo suka tashi suna dariya, na ukun ya daki bakin kwalbati da ƙugu. Yau shekara goma sha tara yana ɗingishi, duk ranar Juma'a muna haɗuwa a masallaci, bai taɓa ce min komai ba, ni ne dai ba na iya kallon ƙafar. Don haka Alhaji ni ba birki ne ya ci ni ba, motar lafiyarta ƙalau. Bodin bayan nan ne. Yaro in yana da akori-kura duk abokansa sun samu motar zuwa biki da kallon ƙwallo, kuma ba zai iya ce musu a'a ba.

Nas_Maryam: Innalillahi. Irin waɗannan na bayan su muka fi karɓa, musamman lokacin kaka da 'yan ƙwadago.

Tsohon_Direba: Lawal ya faɗi gaskiya. Mu shi ya sa in za mu dawo ba kaya a damina muke barin buhun yashi biyu a kan tayoyin baya. Waɗannan abubuwan ba a rubuta su a ko'ina ba, sai a bakin wanda ya daɗe a hanya.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ni wani abu daban nake tunani. Yankinku fa ba a son mota ta mutu wa mutum a hanya bayan la'asar, kowa ya san halin da ake ciki. Tsohuwar mota ko ta fi kowace lafiya wata rana sai ta yi gardama, fitilarta kuma kamar aci-balbal. Babba zai san ya bar ta ya nemi gari, yaro zai tsaya yana kwance kafireto don kar a ce ya kasa.

Abu_Khalifa: Hajiya wannan ma gaskiya ne, duk da gonar tamu ba ta da nisa, ba ta kai kilomita goma daga gida ba kuma bakin hanya ce.

Dan_Kasuwar_Dawanau: To ni dai har yanzu ban ga dalilin hana yaro neman na kansa ba. Mu da muke kuka yara sun lalace ba sa son aiki, an samu mai so kuma ana ta kawo masa Bel Air da Malibu. A gyara birki a sa bel a ba shi.

Garba_Bakanike: Bel ɗin ma ba a ba mai walda ya ɗana shi a jikin falanki fa, in an ja da ƙarfi tare da falankin zai fito. Sai an samu wuri mai ƙwari an sa faranti ta baya an ɗaure da bol mai kyau. Ana yi, na sha yi.

Ummu_Afnan: Ko an sa bel goma 17 dai 17 ce. Ya bari Maris ta yi, ya shiga makarantar koyon tuƙi, ya yi gwajin VIO ya karɓi lasin kamar kowa. Wata nawa ne? Masarar bana a ɗauki direba.

Sadik_Tudunwada: Anti makarantar tuƙin da ake biya a karɓi satifiket ba a taɓa mota ba? Wallahi wata ɗaya da Baba Tsohon_Direba ya fi ta

Ummu_Afnan: To a haɗa biyun mana, wa ya hana

Abu_Khalifa: Salam 'yan gida, na dawo da rahoto. Jiya na kira wani dattijon bakanike na nan garin muka ɗaga motar kamar yadda Oga Garba ya ce, na sa yaron ya tsaya yana kallo. Tiyon birkin ƙafar gaba ta hagu da aka lanƙwasa shi da hannu sai ga shi ya buɗe baki kamar busasshen ganda. Bututun da ya tafi baya kuma yana taɓa shi da sukundireba ya ɓule, mai ya fara ɗiga. Tayoyin baya lambar ta nuna 2012. Ƙarƙashin ƙafar direba da aka ɗaga tabarma ana hango ƙasa ta wani rami da hannu zai shiga, ashe Baba kwali ya shimfiɗa a wurin Allah ya jiƙansa. Yaron ya yi tsit, don ashe ranar Talata da ba na nan ya zagaya unguwa da ita da ƙannensa biyu a baya, sai jiyan ya faɗa da bakinsa. Ban ce masa komai ba don ni ma jikina ya yi sanyi.

Nas_Maryam: Alhamdulillah da abin ya tsaya nan.

Malam_Nura: Allah ya ƙara tsarewa. Kuma a yaba masa da ya faɗi gaskiya, ba kowane yaro ba ne.

Abba_Jnr: To yanzu an fasa ba shi ke nan? Ai gyarawa za a yi

Abu_Khalifa: Abba ban sani ba tukun. Shi dattijon ya ce in zan bar masa yaron ya riƙa zuwa garejinsa su yi aikin tare daga birki har falanki, zai kai su bayan kaka, kuma shi zai riƙa zama a gefensa in an fara fita gwaji. Mahaifiyarsa ta yarda da zuwa gareji, ba ta yarda da gwaji ba. Ni kuma ina tunanin ko bayan ya samu lasin ɗin in bar shi gona da gida kawai, ba kwalta mai nisa ba dare ba kowa a baya, amma maganar Malam Lawal ta tsaya min a rai, wa zai bi shi ya ga ko ya ɗauki abokai.

Lawal_Bakori: Ba wanda zai bi shi Alhaji. Ni ma an kafa min wannan sharaɗin.

Injiniya_Bash: Ni har gobe ra'ayina ya gyara ta ya ji daɗinta a matsayin ta kakansa, amma motar yau da kullum a nema masa mai bel da jakar iska in hali ya yi.

Dan_Kasuwar_Dawanau: In hali ya yi ka ce. Ka san kuɗin 'yar Kwatano yanzu kuwa?

Dan_Maradi: Alhaji in kun rasa yadda za ku yi da ita ku sayar min, ina da mai so a Tasawa, ko a haka take zai ɗauka

Abu_Khalifa: Ɗan'uwa ba ta sayarwa ba ce. Makullin ma yanzu ba ya hannuna, Inna ta ji labarin zagayen ranar Talata ta aiko aka karɓa, ta ce motar mijinta ce kuma jikanta ne, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Sadik_Tudunwada: Hhhhh shi ke nan an kai ƙara kotun ƙoli

Garba_Bakanike: Ranka ya daɗe kafin Inna ta yanke hukunci ka ɗauko min hoton mastan ta gefe da ta sama ka turo, kala biyu ne, in na shiga Ƙofar Ruwa ranar Asabar in duba maka. Kuma ka ce wa yaron ya cire kan batir ya kawo maka, 404 ba ta buƙatar makulli wurin wanda ya iya kwance kafireto.